Huɗu Ne, Ba Biyar Ba

"Wa ka ce?" in ji Rowan Petrakis. "Koci, maimaita. Ina jin fenti ne ya toshe min kunne."

Noel Haddad, mai horar da su, ko ɗagowa bai yi daga kan takardarsa ba. "Maureen Tolhurst. Ita na ɗauka."

Rowan ya waiwaya ya dubi filin. Mutum goma sha bakwai ne suka zo gwaji a ranar Asabar ɗin, duk a kan gurbi ɗaya tak da ya rage a ƙungiyarsu ta wasan harbi da bindigar fenti, Hankakin Wagga. Akwai samari masu gudu kamar an kunna musu wuta a gindi. Akwai Jett Salkeld, ɗan shekara ashirin da biyu, wanda ya taso tun daga Albury ya zubar da mutum uku a zagaye guda, har ya harbi Rowan kansa a tsakiyar gilashin fuska. Sannan ga Maureen can gindin bishiya, mace 'yar shekara arba'in da uku, ta miƙe ƙafafu tana cin soseji a yankan burodi, riga duk ta yi ruwan ɗorawa da fenti. Tun safe mutum ɗaya ta samu da harbi, shi ma alƙalin wasa ne.

"Koci, wasa kake yi."

"Wallahi ban taɓa yin abu da gaske kamar yau ba."

"Mako biyar ya rage a je gasar Sydney! Ka san in muka sake zama na ƙarshe an sauke mu daga rukunin ƙwararru. Shekara tara na yi ina tura wannan ƙungiya har ta hau, shi ne za ka..."

"Na sani. Je ka faɗa wa Jett mun gode."

Jett bai tsaya jin godiya ba. Ya jefa jakarsa a mota, ya leƙo ta taga yana dariya. "Kyaftin, ka gaida min kakarku. Mu haɗu a Sydney." Ya ba wa motar wuta, ya bar Rowan da ƙura.

Rowan ya yi ta juya abin a ransa bai samo kansa ba. Abu ɗaya dai ya lura da shi a gwajin. Duk zagayen da aka gama, Koci kan tare kowa da tambaya guda: mutum nawa suka rage a wancan ɓangaren? Wasu su ce biyu, wasu su ce uku, wasu su sosa ƙeya. Jett cewa ya yi, "Ina ruwana? Ni dai na kwantar da uku." Maureen kuwa ta ɗage abin rufe fuskarta tana haki ta ce, "Biyu. Ɗaya a kusurwar dama, ɗayan kuma mai jan takalmin nan yana tsugune yana sosa gwiwa." To sai me? Da baki ake cin gasa?

Maka, ƙaton ɗan ƙasar Tonga da ke riƙe musu tsakiyar fili, ya dafa kafaɗarsa. "Kyaftin, kar ka damu. In mun faɗi, ai mun samu mai yi mana miya."

"Na ji ka, ɗan nema," in ji Maureen daga gindin bishiya, da wata murya da ta sa tsuntsaye suka watse daga reshe. "Kuma Mo ake ce min. Miya kuwa sai dai ka dafa wa kanka."

Maka ya dafe ƙirji. "Kai! Anti Mo, lasifika kika haɗiya?"

Wasan nasu ba shi da wuyar faɗa. Mutum biyar nan, biyar can, tsakaninsu ganuwoyin roba da aka hura wa iska. Duk wanda fenti ya fashe a jikinsa ya mutu ke nan: ya ɗora hannu a ka, ya fice ta layin gefe, kuma bakinsa ƙanin ƙafarsa, don in matacce ya yi magana sai alƙali ya cire wani mai rai daga ƙungiyarsu. Wanda ya kai ga maɓallin ƙararrawar abokan hamayya ya danna, ya ci maki ɗaya.

Wannan maɓallin ne ya jefa su cikin halin da suke ciki. A gasar Perth, a zagayen ƙarshe, Rowan ya ji an yi ihun "Biyar!" Ya tashi da gudu, saura taku uku ya danna, sai ji ya yi tas a bayan wuya. Ashe akwai saura ɗaya a kwance. Har yau bai san yadda aka yi biyar ta koma huɗu ba. Ya tambayi kowa, kowa ya rantse ya harbi nasa.

Ranar Alhamis da sassafe Koci ya aiko musu saƙo: kowa ya zo, kada a zo da bindiga. Rowan ya bi kwatancen a cikin a-kori-kurarsa, sai ga shi a karar tumaki. Wari, ƙuda, karnuka na haushi, dillalai na ta ɓarin baki a saman katako. Mo ce tsaye a bakin wani shinge da hula mai faɗi, nan ne wurin aikinta shekara ashirin.

"Koci, me muke yi a nan?"

"Atisaye."

"Tumakin za mu harba?"

"Ku hau shinge ku ƙirga."

Aka buɗe ƙofa, tumaki suka ɓarke kamar an fasa madatsar ruwa. Rowan ya fara da ɗaya, biyu, uku, kafin ya kai talatin idonsa ya haɗe komai ya zama farin bargo guda mai ƙafafu. Da aka rufe ƙofa ya ce ɗari biyu da sha biyu. Maka ya ce ɗari da casa'in, ko kusa da haka. Tagwayen Nguyen, Bao da Linh, da ke riƙe musu gefen hagu, suka yi musu da juna har suka manta abin da kowa ya samu.

"Ɗari biyu da uku," in ji Mo.

Mai tumakin ya duba takardarsa ya gyaɗa kai, bai ma yi mamaki ba.

"Ta yaya?" in ji Rowan.

"Kai garken kake kallo. Ni ƙofa nake kallo." Ta kori ƙuda daga fuskarta. "Tunkiya ba ta shiga lissafi sai ta wuce ƙofa. Ko ubanta ne ya ce ta wuce, ni sai na gani."

Koci ya dubi Rowan kamar mai jiran wani abu. Rowan ma ya dube shi.

"Ka gane?"

"Na gane cewa na bar aiki na zo na kwashi kashin tumaki a takalmi."

Koci ya yi ajiyar zuciya. "Ku sake hawa."

Haka aka yi Alhamis huɗu. A filin atisaye kuma abin ya fi ɗaure kai. Koci ya kafa doka: daga yau ba mai kiran lamba sai Mo. In ka harbi mutum, faɗi inda yake, ka tsuke bakinka. Ya ajiye ta can baya, a ganuwar da ta fi nisa da wuta, inda ba ta da aiki sai feshin fenti sama-sama da ihu. Kuma ba mai tashi zuwa ƙararrawa sai ta ce biyar.

Wata Lahadi suna karawa da ƙananan 'yan wasan garin, Rowan ya ga fili ya yi wayam, ya tashi ya danna. Maki ya tabbata, ba kowa a kwance. Yana dawowa da murmushi Koci ya nuna masa bakin fili.

"Gudu, zagaye goma."

"A kan me? Ai babu kowa!"

"Ta ce biyar?"

"Ba ta ce ba, amma ai gaskiyata ce!"

"Goma sha biyu."

Mako na gaba ma aka karɓe bindigarsa ɗungurum. Koci ya kawo kujerar roba ya dasa a bakin layin gefe ya ce ya zauna nan, duk wanda ya fito ya kalle shi. Wuni guda kyaftin ɗin Hankaki yana zaune cikin rana kamar mai gadin asibiti, mutane na wuce shi da hannu a ka.

"Kyaftin, a kawo maka jarida?" in ji Maka.

"Ka kiyaye ni."

"Ko bargo? Tsufa ba daɗi."

Da yamma ya tare Mo tana wanke gilashinta a bakin famfo. "Tsakani da Allah, Mo, cire ni yake so ya yi? In haka ne ya fito ya faɗa min."

"Ni ina na sani? Ni kaina ban san me ya gani a jikina ba. Takarda na gani a gidan mai an ce ana gwaji, mijina ya ce ko gudu ban iya ba, shi ya sa na zo don in ba shi haushi." Ta yarfe ruwan. "Mutum nawa suka wuce ka yau?"

"Oho."

"Tamanin da shida."

Rowan ya koma gida kansa ya fi na safe nauyi.

Sydney ta karɓe su da zafin Nuwamba. Ƙungiya goma sha biyu, filaye biyu a bayan gari, ƙarar bindigogi kamar ana suyar gurguru a tukunya dubu. Ranar Asabar aka lallasa su sau biyu. Lahadi da safe suka ci ɗaya da ƙyar, kuma Rowan bai iya cewa ga dalilin da ya sa suka ci ba. Mo dai ba ta harbi kowa ba. Masu kallo har sun fara kwaikwayon muryarta, duk ta ce "Uku!" sai su amsa da "Meee!"

Ƙarfe biyu na rana aka liƙa jadawali. Ƙungiya biyu ne a ƙasa, Hankakin Wagga da 'Yan Gudumar Newcastle, kuma su ne za su kara. Wanda ya faɗi ya sauka. In an tashi kunnen doki ma Hankaki ne za su sauka, don Newcastle ta ɗara su da maki.

A bakin ragar da ta kewaye fili wani ya daki bayan Rowan. Jett ne, cikin baƙar rigar Newcastle.

"Kyaftin! Ya jikin kaka? Kun zo mata da sanda?"

"Yaro, ɗaure igiyar takalminka," in ji Mo, tana wucewa. "Na hagu."

Jett ya duba. A kwance take kuwa.

Aka busa. Jett ya ci su zagaye biyu a jere, shi kaɗai kamar iska ta shiga shara. Rowan ya dubi Koci ta cikin raga, irin kallon nan na ka gani ko, Koci ya kau da kai yana tauna cingam. Hankaki suka rama ɗaya, suka sake ramawa. Newcastle ta yi uku. Tagwaye suka fasa gefen hagu suka mai da shi uku da uku.

Saura minti ɗaya da daƙiƙa goma. Zagaye ɗaya ke nan, ba wani bayansa.

"Koci, me za mu yi?" in ji Rowan, yana cusa kwalaben fenti a ɗamararsa.

"Abin da kuka saba."

"Wanne daga ciki? Tumakin ko kujerar?"

"Shiga, lokaci na tafiya."

Ƙaho ya yi ƙara. Rowan ya sheƙa dama, ya zube rub da ciki ya shige bayan macijiya, doguwar ganuwar nan mai kwance da sai da jan ciki ake bin ta. Fenti na wucewa ta saman kansa fiu-fiu. Daga baya muryar Mo ta tsaga filin.

"Ɗaya!"

Ya ja ciki gaba. Ya ji Linh ya yi tsaki, ya hango shi yana fita da hannu a ka. An ci nasu ɗaya.

"Biyu!"

Bao da wani ɗan Newcastle suka harbi juna, su biyun suka fita tare.

"Uku! Saura daƙiƙa arba'in a agogo!"

Hankaki uku suka rage, shi da Maka da Mo. Rowan ya leƙa ta ƙarshen macijiya, sai ga kafaɗar wani a kusurwar dama, ɓaro-ɓaro. Ya sakar masa uku. Ya ga fenti ya fashe.

"Huɗu!" Bakinsa ne ya faɗa kafin ya tuna da doka.

Nan take Maka ya kwarma ihu daga tsakiya, "Na samu nawa! Biyar! Biyar, Kyaftin, tashi!"

Gwiwar Rowan har ta bar ƙasa. Filin gabansa fayau, ba harbi ba motsi, ga maɓallin can yana ƙyalli, taku ashirin. Masu kallo na ta ihun ya tafi.

"Huɗu ne!" in ji Mo. "Kwanta! Huɗu ne, ba biyar ba!"

"Anti, na harbe shi da hannuna!"

"Na kusurwa? Shi Kyaftin ya harba! Mutum ɗaya kuka raba, mayunwata!"

Rowan ya koma ƙasa. Uku da nasa huɗu, da na Maka biyar. To in nasa da na Maka ɗaya ne... Wani abu ya tsarga masa tun daga wuya, daidai inda aka harbe shi a Perth. Amma ba lokacin tunani. In huɗu ne, ina na biyar? Ya leƙa hagu, ya leƙa dama. Ganuwa goma sha wani abu, kowacce shiru.

"Talatin!" in ji Mo.

"Yana ina?"

"Ban sani ba! Tun da aka busa bai yi harbi ba!"

"Wane ne?"

"Mai igiyar takalmi! Ban ga ya wuce ba!"

Jett. Kunnen doki ya ishe su, don haka ya samu wuri ya lafe, yana jiran agogo ko wawan da zai taso. Maka ya kasa haƙuri, ya ɗaga kai don ya duba, tas, fenti ya rufe masa gilashi. Ya fita yana ƙunƙuni a ciki. Daga ina harbin ya fito? Rowan bai gani ba, kansa na ƙasa.

"Ashirin! Kyaftin, buɗe idonka, ga tunkiya nan tafe!"

"Me? Wace tunkiya? Mo!"

Sai ya ji ƙasa na girgiza. Mo ce ta baro ganuwarta, ta miƙo tsakiyar fili a tsaye ƙiƙam, tana gudun da mijinta ya ce ba ta iya ba, kuma gaskiyarsa ne. Bindigarta na feshi sama, tana kururuwa irin wadda ake kora garke da ita. Ba mai riƙe da bindiga da zai ga wannan ya iya daurewa.

Jett bai daure ba. Ya ɓullo daga bayan wata 'yar ƙaramar ganuwa da ko kare ba za ka ce zai ɓuya a nan ba, taku biyar daga maɓallin. Ya zazzage mata fenti a ƙirji. Ya ba Rowan gefensa gaba ɗaya.

Rowan ya harba. Ya ga kamar wani abu ya fashe a ƙugun Jett, kamar kuma a jikin ganuwar ne. Jett ya koma ƙasa. Alƙali ya ruga ya tsuguna a kansa yana dubawa.

Daƙiƙa goma sha biyu.

Rowan ya juya yana jiran lamba. Mo na tafiya layin gefe da hannu a ka, leɓunanta a ɗinke. Matacce ba ya magana. Maka na bayan raga yana cizon hannunsa. Koci ya daina tauna. Masu kallo kuwa rabi na cewa tashi, rabi na cewa kwanta, ba ka jin komai sai hayaniya.

Ya same shi ko bai same shi ba? In ya tashi Jett na da rai, Perth ce ta dawo. In ya kwanta, agogo ya cinye su. Kansa ya yi ta juyawa, idonsa kuwa da kansa ya bar filin ya koma inda aka dasa shi wuni guda a kan kujerar roba. Layin gefe.

Tara. Takwas.

Alƙali ya miƙe ya yi nuni da hannu. Baƙar riga ta taso, hannu a ka, tana jan ƙafa da gangan. Rowan ya yi tsugunnen tashi, bai motsa ba. Bakwai. Takalmin hagu ya taka layi, igiyarsa a kwance.

"Biyar," in ji Rowan.

Bai san yadda aka yi ya ci taku ashirin ɗin ba. Ya dai san ya faɗa kan maɓallin da ƙirji, ƙararrawa ta ɗauka, agogo ya tsaya a kan ɗaya.

Maka ne ya fara isowa, ya ɗaga shi sama kamar buhun dusa, tagwaye na tsalle a bayansa. "Mun zauna! Kyaftin, mun zauna a rukunin ƙwararru! Amma don Allah me ka tsaya jira? Ai da ka ga alƙali ya ɗaga hannu shi ke nan! Saura kaɗan in haihu a bayan ragar nan!"

"Bai wuce ƙofa ba."

"Wace ƙofa?"

Rowan ya zame daga hannun Maka. Ya sauko ya nufi Koci. "A Perth, ni da Maka mutum ɗaya muka harba."

"Na sani. Na ga bidiyon tun a jirgi."

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa min? Mako biyar ina ƙirga tumaki!"

"Na faɗa maka sau biyu, ka ce kai ka ga naka ya fashe, Maka ya ce shi ma ya ga nasa." Koci ya tofar da cingam ɗin a takarda. "Ku duka gaskiya kuka faɗa, shi ya sa kunnenku ya ƙi ji. Na ce bari in gwada idonku."

"To kujerar fa? Ka san za a harbe ta ne?"

"Ina fa. Haushi ka ba ni ranar."

Rowan ya tsaya yana kallonsa, ya rasa ko dariya zai yi ko ya shaƙe shi.

Mo na zaune a kan akwatin ƙanƙara, ta cire riga mai sulke tana duba tabon da ya fara tasowa a hannunta. "Goma sha ɗaya ya zuba min, ɗan banza," in ji ta. "Kyaftin, ara min wayarka in kira mijina. Akwai maganar gudu da ba mu gama ba."

Ya miƙa mata. Can ya hango Jett tsaye shi kaɗai a bakin raga, jaka a kafaɗa, yana kallon jadawalin da ake cirewa. Koci ma shi yake kallo.

"Yaron nan ya iya harbi," in ji Koci. "Je ka ce masa in yana son gurbi baɗi, ya same mu ranar Alhamis."

"A fili?"

"A kara. Kuma kada ya zo da bindiga."